Ta yaya zan tabbatar cewa radikal ne ya cinye rinin, alhali ba mu da na'urar EPR?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai a nan Kaduna. Aikina a kan tsabtace ruwan rini ne. Nakan zuba feros salfet da haidirojin feroksaid a ruwan da na rina da metilin bulu, kafin minti 30 shuɗin ya ɓace. Na rubuta cewa radikal na haidiroksil ne ya yi aikin. Ranar da na gabatar da aikin a sashenmu, wani malami ya tambaye ni, 'Kin gan shi?' Na rasa amsa. Ba mu da na'urar EPR, wata ƙawata kuma ta ce in yi gwajin DPPH. Shin zai wadatar? Nan gaba zan gwada da ainihin ruwan da masu rinin shadda ke zubarwa. Allah Ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Amin, na gode da addu'a. Malamin da ya yi miki wannan tambaya ya yi miki gata, ko da yake na san ba ta yi miki daɗi a lokacin ba, domin ita ce tambayar da mai jarrabawa na waje zai yi miki ranar kare kundi, kuma gara ki ji ta yanzu da sauran lokaci a gabanki. Idan na fahimce ki, kina neman hanyar kafa hujja, da kayan aikin da ke hannunki, cewa radikal na haidiroksil ne ya lalata rinin ba wani abu dabam ba. Gwajin DPPH ba zai yi miki wannan aiki ba. Rashin na'urar EPR kuwa, wato na'urar da ke gano radikal ta hanyar maganaɗisu, ba zai hana ki samun hujja mai ƙarfi ba, muddin kin haɗa hanyoyi biyu da ba su dogara da juna ba, kin kuma yi gwaje-gwajen kwatanci yadda ya kamata.

Dalilin da ya sa ba a ganinsa

Radikal shi ne ƙwayar zarra, ko tarin ƙwayoyin zarra, mai ɗauke da elektiron tilo. Elektiron bibbiyu suke zama a cikin yawancin sinadarai, kuma idan ɗaya ya rage shi kaɗai, sinadarin ba ya samun natsuwa sai ya fizgi wani daga maƙwabcinsa ko ya manne masa. Moses Gomberg ne ya fara nuna samuwar radikal na sinadarin kabon a shekarar 1900 a Jami'ar Mishigan ta Amurka, sai dai nasa mai daɗewa ne idan aka raba shi da iska. Na haidiroksil ba shi da wannan haƙuri. Kusan duk sinadarin kabon da ya ci karo da shi a cikin ruwa sai ya afka masa, kuma ma'aunin saurin wannan haɗuwa yana tsakanin 10⁹ zuwa 10¹⁰ lita a kowane mol a kowace daƙiƙa, wato kusan iyakar saurin da ƙwayoyi biyu ke iya tarar da juna a ruwa. Saboda haka a cikin kwalbarki kowane ɗaya ba ya wuce 'yan kashi cikin miliyan na daƙiƙa, kuma adadin da ke nan a kowane lokaci ya yi ƙasa ƙwarai da abin da sifektirofotomita, na'urar auna yawan hasken da sinadari ke sha, ke iya gani. Ƙari a kan haka, ɗan hasken da yake sha yana wajen nanomita 230 ne a ma'aunin tsawon igiyar haske, inda feroksaid da rinin su ma suke shan haske fiye da shi nesa ba kusa ba.

Akwai masu ganin irin waɗannan halittu kai tsaye, ta hanyar harba wa ruwa elektiron masu ƙarfi cikin ƙiftawar ido, su auna hasken da ya ratsa shi nan take. Ta haka Edwin Hart da Jack Boag suka ga elektiron da ruwa ya kewaye a shekarar 1962, kuma yawancin alƙaluman saurin haɗuwa da muke dogaro da su daga irin wannan aiki suka fito. Ni ban taɓa riƙe wannan na'ura ba, a takarda na san ta, kuma ba ita kike buƙata ba.

Halin da kike ciki irin na mai kiwon kaji ne da wani abu ke yi wa ɓarna cikin dare. Bai taɓa ganin dabbar ba, amma yana iya ɗana tarko ya kama ta, yana iya yayyafa toka a bakin akurki da safe ya duba sawu, yana kuma iya toshe ramin da yake zargi ya ga ko ɓarnar za ta tsaya. Hanyoyin da ake bi a ɗakin gwaje-gwaje ba su wuce waɗannan ba.

Batun DPPH

Ƙawarki ta faɗi gwajin da aka fi sani a jami'o'inmu ne, saboda yawan ɗaliban da ke aiki a kan zogale, zoɓo, goro da sauran tsirrai. Marsden Blois ne ya fito da shi a shekarar 1958. DPPH shi kansa radikal ne mai daɗewa, launinsa shunayya, kuma idan ya samu abin da ya ba shi haidirojin ko elektiron sai ya koɗe zuwa ruwan ɗorawa, a auna koɗewar a nanomita 517. Ke nan gwajin yana auna ƙarfin abin da ke kashe radikal ne, ba ya nuna cewa akwai radikal a ruwanki. DPPH ba ya narkewa a ruwa sai a metanol ko etanol, waɗannan biyun kuwa su kansu suna cinye haidiroksil kafin ya taɓa komai. Mafi muni, ƙarfen feros da kika zuba yana iya koɗar da DPPH shi kaɗai, sai ki ga launi ya sauya ki ɗauka kin samu sakamako. Ki ajiye shi gefe.

Tarko: na'urar EPR

Ya kamata ki fahimci EPR ko da ba za ki yi amfani da ita ba, domin za a tambaye ki. Yevgeny Zavoisky ne ya gano ta a birnin Kazan na Tarayyar Sobiyet a shekarar 1944. Elektiron tilo yana da hali irin na ɗan ƙaramin maganaɗisu, kuma idan aka sa shi a tsakanin manyan maganaɗisu masu ƙarfin kusan tesla 0.34 aka haska masa igiyar maikurowef ta kusan gigahaz 9.5, sai ya sha wani ɓangare nata. Elektiron masu zama bibbiyu ba sa yin haka, shi ya sa ake ɗaukar wannan hanya a matsayin mafi kusa da gani da ido. Amma ruwa yana shan maikurowef sosai, wanda shi ne sirrin na'urar ɗumama abinci, don haka dole a zuba samfurin a siririn bututu ko a shimfiɗaɗɗiyar kwalbar kwaz.

Ko da wannan na'ura, haidiroksil ba ya tsayawa a gan shi, sai an ɗana masa tarko. Edward Janzen da abokan aikinsa sun bunƙasa wannan dabara a ƙarshen shekarun 1960. Ana zuba wani sinadari, galibi DMPO, wanda radikal ɗin zai manne masa, su zama sabon radikal mai rayuwar mintoci. Idan haidiroksil ne ya faɗa tarkon, ana ganin layuka huɗu masu tsayin 1:2:2:1, tazarar da ke tsakaninsu kusan gaus 14.9 a ma'aunin ƙarfin maganaɗisu.

Ganin layukan nan huɗu bai gama magana ba, kuma wannan ne wurin da takardun bincike da yawa suke gaggawa. Idan sufaoksaid, wani radikal na oksijin, ne ya shiga tarkon DMPO, abin da ya samar ba ya wuce kusan minti ɗaya kafin rabinsa ya lalace, wani ɓangarensa kuma ya rikiɗe ya ba da layuka huɗu irin na haidiroksil sak. Shi ya sa aka ƙirƙiro wasu tarkuna kamar DEPMPO da BMPO waɗanda ke riƙe sufaoksaid na tsawon mintoci da dama. Haka kuma ƙarfen ferik yana iya sa ruwa da kansa ya manne wa DMPO ba tare da wani radikal ba, ga shi kuwa kwalbarki cike take da ferik, domin feroksaid yana mayar da feros ɗinki ferik. Maganin wannan shi ne a maimaita gwajin da etanol mai yawa a ciki. In da gaske akwai haidiroksil sake a ruwan, zai fara afka wa etanol, layukan huɗu su ragu, wasu layuka shida na radikal ɗin etanol su bayyana. In ba su ragu ba, hujjar ta faɗi.

Idan kika samu wurin da ke da na'urar, ki sani cewa da kanki za ki je da kayan haɗinki, ki haɗa a gefenta ki auna nan take. Ba samfurin da za a haɗa a Kaduna a ba direba a tashar Kawo ya kai wani gari ba ne. DMPO kuma yana son firiza, duhu, da wutar da ba ta yankewa, kuma idan ya fara yin ruwan ɗorawa to ya soma lalacewa.

Sawu: sinadaran da ke nuna inda ya taka

A ganina nan ne ya kamata ki sa ƙarfinki. Dabarar ita ce ki zuba wani sinadari wanda haidiroksil zai manne wa, ya mayar da shi wani sabon abu mai daɗewa wanda za ki iya aunawa a nutse. Wanda aka fi amfani da shi shi ne asid na terefitalik. Shi kansa ba ya ƙyalli, amma idan haidiroksil ya hau kan zobensa na kabon sai ya zama 2-haidiroksiterefitalik, wanda idan aka haska shi a nanomita 315 yake mayar da haske a nanomita 425. Kyansa shi ne kusurwoyi huɗun da suka rage a zobensa duk ɗaya suke, don haka ko ta ina aka manne masa abu guda ake samu. Matsalarsa a wurinki ita ce ba ya narkewa a ruwa mai tsami, shi ya sa ake narkar da shi a ruwan kostik soda mai rauni, alhali haɗin ƙarfe da feroksaid, wanda Henry Fenton ya fara bayyanawa a shekarar 1894, ya fi aiki a ruwa mai tsami, wato pH kusan 3 a ma'aunin tsami. Idan kika ɗaga pH don terefitalik ya narke, ƙarfenki zai kwanta ya zama jan laka, kin kuma canza gwajin da kike son ki yi wa shaida.

Saboda haka na fi ba ki shawarar kumarin. Yana narkewa a ruwa gwargwadon buƙatarki ko da akwai tsami, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da haidiroksil ke mayar da shi, wato 7-haidiroksikumarin, yana ƙyalli sosai idan aka haska shi a wajen nanomita 332 aka karanta a wajen 456. Ki yi wannan gwaji ba tare da rinin ba, domin rini yana shanye hasken da ke shiga da mai fita, kuma yana gasa da kumarin wajen kama radikal. Ki riƙa ɗiban samfuri lokaci bayan lokaci, ki tsayar da aikin da metanol, ki daidaita pH na kowane samfuri zuwa adadi ɗaya, ki tace lakar ƙarfen, sannan ki auna. Daidaita pH ɗin wajibi ne, domin ƙyallin wannan sinadari yana sauyawa da shi. Za ki ga ƙyallin yana hawa, wataƙila daga baya ya sauko, kada saukowar ta tayar miki da hankali, radikal ne ya juyo kan abin da ya samar yana cinye shi. Kada kuma ki lissafa adadin radikal kai tsaye daga ƙyallin, domin kaɗan ne daga cikinsu ke ƙarewa a wannan kusurwa ta bakwai. Abin da za ki iya faɗa da gaba gaɗi shi ne kwatanci, wato wannan haɗi ya fi wancan samar da shi.

Wannan yana buƙatar fuloromita, wato na'urar auna ƙyalli. In babu ita amma kina iya samun HPLC, na'urar da ke rarrabe sinadaran da ke cikin samfuri ta auna kowanne, ki yi amfani da asid na benzoyik ki nemi 4-haidiroksibenzoyik. Za ki ga wasu sun yi amfani da asid na salisilik, amma shi yana kama ƙarfen ferik har ruwan ya yi shunayya, wato ya shiga cikin gwajin ya zama ɗan wasa maimakon ɗan kallo. In kuwa sifektirofotomita kaɗai gare ki, akwai tsohuwar hanyar sukarin diyoksiribos, wanda haidiroksil ke farfasawa, a dafa gutsattsarin da asid na tiyobabiturik su ba da launin ja-ja da ake aunawa a nanomita 532. Tana aiki, amma ta fi sauran rauni a matsayin hujja.

Game da sufaoksaid ba zan tsawaita ba. Ana gano shi da sinadarin NBT a nanomita 560 ko saitokurom c a 550, a tabbatar ta hanyar enzayim ɗin SOD mai kawar da shi, wanda Joe McCord da Irwin Fridovich suka bayyana aikinsa a 1969. A pH 3 waɗannan hanyoyi ba su dace ba, kuma ba shi ne babban mai aikin a kwalbarki ba.

Toshe rami: sinadaran kwace

Wannan gwaji za ki iya yinsa a makon nan da abin da ke kan kantarki. Ki maimaita aikinki na rini, amma ki zuba wani sinadari da zai riga rinin kama haidiroksil, kamar tashiyari butanol ko aisofurofanol. In shuɗin ya daina ɓacewa, ko saurin ɓacewarsa ya ragu sosai, kin samu shaida. Inda ɗalibai ke kuskure shi ne adadin da za a zuba. Gasa ce, kuma ƙarfin kowane ɗan gasa shi ne saurin haɗuwarsa a ninka da yawansa. Miligiram 10 na metilin bulu a lita ya kai kusan 3 × 10⁻⁵ mol. Mu ɗauka, don sauƙin lissafi, saurinsa 10¹⁰ ne, ƙarfinsa ya zama 3 × 10⁵. Saurin tashiyari butanol kusan 6 × 10⁸ ne. In kika zuba milimol 1 a lita, ƙarfinsa 6 × 10⁵ ne kawai, wato kashi ɗaya cikin uku na radikal zai ci gaba da cin rinin, ke kuma ki ce gwajin bai nuna komai ba. In kika zuba milimol 100, ya ninka rinin sau 200. Ki gwada adadi uku ko huɗu masu hawa, domin ragin da ke bin adadi daki-daki ya fi gamsarwa a kan kwalba ɗaya tak.

Wannan lissafi ne kuma yake bayyana abin da wataƙila kin riga kin lura da shi, cewa idan feroksaid ya yi yawa aikin yakan ja baya. Shi ma yana kama haidiroksil, haka ma ƙarfen feros idan ya wuce kima.

Abin da na koya a ɗakin gwajina

Wata shekara cikin hunturu, wani ɗalibina ya yi mako biyu yana samun ƙyalli a kwalbar kwatanci, wadda aka zuba wa feroksaid amma ba a sa mata ƙarfe ba. Da muka bi diddigi, sai muka tarar ana ɗauraye kwalabe da ruwan burtsatse mai barin jan tabo a bokiti, jarkar tataccen ruwa kuma a buɗe take ƙura na shiga. Ɗan ƙarfen da ido ba ya gani ya isa ya tayar da aikin. Tun daga nan nake sa a jiƙa kwalabe cikin asid na naitirik mai kashi 10 cikin 100 su kwana, a ɗauraye su da tataccen ruwa, a rufe. Gishirin fosfet da ake haɗa bafa (ruwan da ke riƙe pH a wuri ɗaya) da shi ma yakan zo da ɗan ƙarfe daga masana'anta. Kada ki ce za ki ɗaure ƙarfen da sinadarin EDTA, domin sau da yawa ƙara masa kuzari yake yi. Diferoksamin ko DTPA ne suka fi dacewa.

Feroksaid kuma ba ya jure zafi da haske. Kwalbar da aka rubuta wa kashi 30 cikin 100, in ta sha zafin Maris da Afrilu a kan kanta, ba lalle ta kai haka ba. Ki auna ƙarfinsa da famanganet, ko ki sirka shi ki karanta a nanomita 240, kafin kowane zagayen gwaji. Ki sa safar hannu da tabarau, kada ki toshe kwalbar da aikin ke gudana a ciki domin iska na fita, kuma kada ragowarsa ta haɗu da asiton a jarkar shara.

Kwalaben kwatancinki su zama: rini shi kaɗai, rini da ƙarfe, rini da feroksaid, sai cikakken haɗin. Ta biyun tana da muhimmanci domin lakar ferik tana iya kwasar rini ta kwantar da shi ƙasa, ruwa ya yi fari alhali ba a fasa ko ƙwaya ɗaya ba.

Ranar da kika koma ruwan masu rini

Nan za ki tarar da wata duniya dabam. Masu rinin shadda suna amfani da kostik soda da haidirosalfait, wani lokaci da gishiri. Sodar za ta ɗaga pH sama ƙwarai, kabonet da ke tare da irin wannan ruwa kuma yana kama haidiroksil. Haidirosalfait yana cinye feroksaid tun kafin ya haɗu da ƙarfe, kuma shi kaɗai yana iya mayar da metilin bulu fari fat, ki girgiza kwalbar iska ta shiga shuɗin ya dawo. Ki gwada wannan girgizawa a duk lokacin da launi ya ɓace da saurin da ya ba ki mamaki. Wajen saukar da pH ki yi amfani da asid na salfurik, domin kulorayid na asid ɗin haidirokulorik yana kwace haidiroksil a ruwa mai tsami. Ɓacewar launi kuma tana nufin an fasa sashen da ke ba da launi ne kawai, saboda haka ki auna COD, wato yawan oksijin da ake buƙata don cinye dattin da ya rage a ruwan, bayan kin tabbatar ragowar feroksaid ta ƙare, domin tana ɗaga sakamakon. Ban ga ruwan da za ki ɗebo ba, kuma na kowace marina da irin haɗinsa, don haka alƙaluman da na ba ki mafari ne da za ki daidaita.

Akwai iyaka guda da ya kamata ki rubuta a kundinki da kanki kafin a tambaye ki. Fritz Haber da Joseph Weiss sun danganta ƙarfin haɗin Fenton ga haidiroksil a shekarar 1934, amma tun 1932 William Bray da Gorin suka kawo ra'ayin cewa wani nau'in ƙarfe mai caji huɗu, wato feril, shi ke aikin, kuma har yau ana tattauna rabon kowannensu, musamman idan pH ya kusanci 7. A pH 3 rinjayen hujja yana wajen haidiroksil. Don haka idan kumarin ya yi ƙyalli, tashiyari butanol ya rage ƙyallin ya kuma rage cin rinin, kwalaben kwatanci kuma ba su nuna komai ba, ki rubuta cewa sakamakon hanyoyi biyu mabambanta ya nuna haidiroksil ne babban mai lalata rinin a pH 3, cewa ba a auna shi kai tsaye da EPR ba, kuma ba a kore gudummawar feril gaba ɗaya ba.